An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Magana Kan Ɗaurin Shekara 15 Na Dokar NDLEA



Duk sanda aka tayar da maganar ƙwaya a majalisar hira, daga Kwanar Dangora har Tudun Wada, amsar da aka fi ji ita ce: "A ɗaure su kawai, a daina tausayi." Wani ma ya ce a kashe. Ba na ganin laifin mai faɗin haka. Uwar da ɗanta ya sayar da buhun shinkafar gidan ya sha tiramol, ko ɗan acaɓar da aka sara da yamma aka ƙwace masa waya, ba za ka je ka yi musu doguwar lacca ba. Zafinsu gaskiya ne.

Amma fushi ba ya rubuta doka mai kyau. Abin da nake so mu duba yau shi ne wani sashe na dokar tarayya da yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba, alhali kuwa 'ya'yanmu da ƙannenmu yake jira a hanya. Matsayina a taƙaice shi ne: dokar da ta ɗaure hannun alƙali ta ce kada ɗauri ya gaza shekara kaza, ba tare da ta duba yawan abin da aka kama ko matsayin wanda aka kama ba, talaka take cinyewa. Babban dila kuwa ya san hanyar zagaye ta.

Mu fara da abin da dokar ta ce. An kafa hukumar NDLEA a ƙarshen 1989 da dokar soja mai lamba 48, kuma ita ce dai ake aiki da ita har yau bayan 'yan gyare-gyare. Sashe na 11 ya ce wanda ya shigo da hodar iblis, hiroyin ko makamantansu, ko ya sarrafa, ko ya noma, ko ya yi safara, ko ya saya ya sayar, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai. Wanda kuma ya mallaka yana sane, ko ya sha, ko ya shaƙa, ko ya yi allura, ɗaurinsa kada ya gaza shekara 15, kada ya wuce 25. Sashe na 19 ya sake nanata wannan shekara 15 zuwa 25 ɗin kan mallaka. Kotuna sun fassara cewa tabar wiwi tana cikin "makamantansu". Shari'ar kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce, ba ta kotun majistare ko kotun Musulunci da ke kusa da gida ba. Wanda aka kama a Riruwai, birnin Kano za a kai shi, tafiyar awanni daga iyayensa.

Ku lura da abin da babu a cikin waɗannan sassan: sikeli. Dokar ba ta ce ƙulli ɗaya hukuncinsa kaza, buhu hamsin hukuncinsa kaza ba. Yaron da aka samu da ƙullin wiwi na naira ɗari biyu a aljihu, a rubuce shekara 15 ce mafi ƙarancin abin da ke jiransa. Yaron da ya sayar wa abokinsa ƙwaya biyu, a rubuce sashe ɗaya ne ya hau kansa da mai kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa. An yi musu kuɗin goro.

Wani zai ce, "To ai ba a yanke wa kowa shekara 15 ɗin, kullum muna ji an ba mutum wata shida ko zaɓin tara." Haka ne. Alƙalai da yawa suna yanke ƙasa da abin da ke rubuce, musamman idan mutum ya amsa laifinsa kuma karonsa na farko ne. Su ma mutane ne, suna ganin wanda ke tsaye a gabansu. Sai dai wannan ya haifar da wata matsalar: tunda babu ma'auni a rubuce, sassaucin da ya kamata ya tsaya kan ƙaramin yaro sai ya kai har kan mai manyan kaya. Mai kuɗi ya ɗauki babban lauya, ya amsa laifi, ya biya tara, ya koma kasuwarsa. Shugaban hukumar, Janar Buba Marwa, wanda ya karɓi ragamarta a farkon 2021, ya sha kokawa kan wannan zaɓin tara. Kokensa yana kan hanya. Inda nake jin tsoro shi ne maganin da mutane da yawa ke kawowa: a toshe duk wata ƙofar sassauci, a tilasta wa alƙali ya yanke abin da ke rubuce a kan kowa. Idan aka yi haka ba tare da an saka sikeli a dokar ba, wallahi ba dila za a kama ba, ƙauyukanmu za a kwashe.

Kuma maganar ba ta mutu ba, tana nan a Abuja. Ranar 9 ga Mayu 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa kan masu safarar miyagun ƙwayoyi a cikin ƙudirin gyaran dokar NDLEA. Sanata Ali Ndume ne ya kawo shawarar, Mataimakin Shugaban Majalisar Sanata Barau Jibrin ne ke kan kujera, Sanata Adams Oshiomhole kuma ya tashi ya nuna rashin amincewa da yadda aka yanke batun rai da mutuwa cikin gaggawa. A watan Nuwamba na shekarar, bayan daidaitawa da Majalisar Wakilai, aka dawo kan ɗaurin rai-da-rai. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa wa ƙudirin hannu, saboda wani sashe da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace. Wato dalilin ƙin sa hannun bai shafi tsawon ɗauri ba. Duk ranar da aka sake ɗauko gyaran wannan doka, tambayar da muke yi a nan za ta dawo kan tebur, kuma wakilanmu za su kaɗa ƙuri'a a kai da sunanmu.

Kada wani ya ɗauka tsanantawa sabon abu ne da ba a taɓa gwadawa ba. A 1966 gwamnatin soja ta yi dokar tabar wiwi: wanda ya noma, kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda ya sha ko ya mallaka, kada ya gaza shekara 10. Ba a yi shekara goma ba, a 1975, aka dawo aka sassauta ta. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta yi dokar soja mai lamba 20 da ta tanadi kisa kan safarar hodar iblis, kuma ranar 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Legas: Bartholomew Owoh, Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Gwamnatin Babangida ta zo ta cire kisan. Bayan duk wannan, me ya faru? Najeriya ta ci gaba da zama hanyar safara, daga baya ma ta zama kasuwa. Shekara kusan sittin muna ƙara wa wuƙa kaifi, ciwon yana ƙara faɗi.

Ga lissafin da ya kamata ya tsayar da kowa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. To gidajen yarin Najeriya gaba ɗaya, daga Kurmawa da Goron Dutse har Kirikiri, ba su riƙe da mutum dubu ɗari ba, kuma a hakan ma sun cika sun batse, kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke. Ina za a zuba miliyan goma sha huɗu?

Ba za a iya ba. Dokar da ba za a iya zartar da ita kan kowa ba kuwa, zaɓe ake yi wajen zartar da ita. Sai a tambaya: wa ake zaɓa? Ɗan gidan da mahaifinsa zai ɗaga waya kafin a kai ofis, ko ɗan manomin Kiru da babu wanda ya san sunansa? Kowa ya san amsar.

Akwai wani abu game da irin wannan doka da ba kasafai ake faɗa ba. Idan ka ƙwace wa alƙali ikon auna hukunci, ikon bai ɓace ba. Komawa yake hannun wanda ya yi kamun da wanda ya rubuta tuhuma. Alƙali a bainar jama'a yake zama, yana rubuta dalilinsa, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Amma shawarar ko a rubuta "mallaka" ko a rubuta "sayarwa", ko ma a saki mutum tun a hanya, a bayan ƙofa ake yanke ta, babu mai gani. A kowace ƙasa ta duniya, idan hukunci ya yi tsanani kuma makullin yana hannun mai kamawa, abin da ke tashi shi ne farashin rufe baki. Uban da aka ce masa ɗansa zai yi shekara 15 zai sayar da gona da shanun noma a daren nan. Wanda ba shi da gonar sayarwa, ɗansa ne zai tafi.

Mu 'yan siyasa kuma, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙullin wiwi abu ne da ake iya jefa wa mutum a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar babur cikin ƙiftawar ido. Dokar da ta ce wannan ƙullin kaɗai ya isa shekara 15, makami ce a hannun duk wanda ke da iko a lokacin. Yau kana gwamnati, gobe kana adawa. Mulki a Kano ya sha juyawa a gaban idonmu. Kada ka wasa wuƙar da ba ka san wuyan da za ta sauka a kai ba.

Ƙasar da ta fi kowa gwada wannan hanya ita ce Amurka, kuma yana da kyau mu ji yadda ta ƙare musu, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan wasan ƙwallon kwando mai suna Len Bias ya mutu bayan ya sha hodar iblis. Ƙasar ta ɗauki zafi, zaɓe yana tafe, 'yan majalisa suka yi rige-rigen nuna wa ya fi tsanani. Cikin 'yan watanni suka yi dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin ɗauri bisa nauyi. Hodar iblis iri biyu ce a can: ta gari, wadda masu hali suka fi sha, da wadda ake dafawa ta dunƙule, mai araha, wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙar fata. Dokar ta ce giram 5 na dunƙulalliyar, shekara 5. Ta garin kuwa sai ta kai giram 500 kafin a ba ka shekara 5 ɗin. Ninki ɗari, a kan abu ɗaya.

A 1980 fursunonin gwamnatin tarayyar Amurka ba su wuce kimanin 25,000 ba. A 2013 sun haura 219,000, kusan rabinsu kan laifin ƙwaya. Su wa aka tara? Mafi yawa 'yan aike ne, da masu sayarwa a bakin titi, da direbobi, da matan da aka ajiye kaya a ɗakinsu. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Babbar hanyar samun ragi ita ce ka ba masu gabatar da ƙara bayanin wasu. Babban dila ya san sunaye, ya san hanyoyi, yana da abin sayarwa, sai a rage masa. Ɗan aike bai san kowa ba sai wanda ya miƙa masa leda, sai ya sha cikakken ɗauri. Akwai wani matashi, Weldon Angelos, da aka yanke wa shekara 55 a 2004 kan sayar da wiwi na 'yan ɗaruruwan daloli, saboda an ce yana ɗauke da bindiga lokacin cinikin. Alƙalin da ya yanke hukuncin, Paul Cassell, da kansa ya rubuta cewa hukuncin zalunci ne amma doka ta ɗaure masa hannu.

Daga ƙarshe su da kansu suka ja da baya. A 2010 Obama ya sa hannu kan dokar da ta rage ninkin nan daga 100 zuwa 18. A watan Disambar 2018 Trump, wanda ba wanda zai kira mai sanyin hali, ya sa hannu kan wata dokar da ta rage wasu daga cikin waɗannan ɗaurin, ta kuma faɗaɗa ikon alƙali na sauka ƙasa da ƙa'ida ga wanda ba shi da tarihin manyan laifuka. Jam'iyyunsu biyu da ba sa ga-maciji suka haɗu a kan haka. Darasin a gare mu biyu ne. Na farko, tsawon ɗauri bai kashe kasuwar ba. Na biyu, ko sikelin ma shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da duba matsayin mutum a cikin harkar, domin mai kayan ba shi ke ɗaukar kayan ba.

Wannan na biyun mu ya fi shafa. Titin Zariya zuwa Kano ya ratsa ta gefenmu, hanyar Jos ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore ta wuce Doguwa. Matasanmu nawa ne direbobin haya da yaran mota a waɗannan hanyoyi? Kowa ya san yadda ake ba da saƙo a tasha: kwali a ɗaure, lambar waya a jiki, a biya kuɗin mota, wani ya karɓa a Kano. Direba ba ya buɗe kwalin mutane. Ranar da aka tare shi aka farke aka ga ƙwaya, mai kayan ya kashe waya, shi ke nan. Ku tuna ɗalibar nan daga Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan an maƙala sunanta a jikin jakar da ba tata ba mai ɗauke da tiramol tun daga filin jirgi. Ta yi watanni a tsare a ƙasar da hukuncin safara kisa ne, sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta bayan bincike ya gano masu hannu a ciki. Ita ta samu ƙasa guda ta tsaya mata. Direban Bebeji wa zai tsaya masa? Dokar ta ce sai mutum yana sane, gaskiya ne, amma tabbatar da rashin sani aikin lauya ne, lauya kuma kuɗi ne.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Ghana, inda 'yan uwanmu Hausawa suke cike da zango-zango a Kumasi da Accra, tana da dokar 1990 da ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai sha, shekara 10 ga mai mallaka. A 2020 suka sauya ta: wanda aka samu da abin da zai sha da kansa, tara ce a kansa maimakon ɗaurin shekaru, masu safara kuma hukuncinsu mai tsanani yana nan. Kafin nan, a 2014, kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi da marigayi Kofi Annan ya kafa, wanda tsohon shugabanmu Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawarar a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, a maida ƙarfin hukuma kan manyan masu safara. Obasanjo soja ne, ba a san shi da lallashi ba.

Ko a shari'ar Musulunci da muka tashi a cikinta, mashayin giya a mazhabar Malikiyya bulala tamanin ce, ya tashi ya koma cikin iyalinsa. Laifukan da ba a ƙayyade musu haddi ba kuma an bar su ga ta'aziri, wato alƙali ya dubi laifin, ya dubi mai laifin, ya auna. Malamanmu suna nan, a tambaye su. Hikimar barin alƙali ya auna ba daga Turai aka kawo mana ita ba.

Yanzu mu yi lissafin kuɗi, tunda da harajinmu ake ciyar da fursuna. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara kuɗin abincin ɗan gidan yari daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Ka ninka da kwana 365, ka ninka da shekara 15: sama da naira miliyan shida, abinci kawai, ban da ma'aikata da magani da gini. Miliyan shida a kan yaro ɗaya, don ya shiga yana ɗan shekara 20 da ƙullin wiwi, ya fito yana 35, ba sana'a, ba mata, gonar gado an raba, abokansa kuma su ne 'yan fashin da ya kwana da su shekara goma sha biyar. Wannan kuɗin zai yi wa yara nawa magani ya koya musu walda, ko gyaran famfon ban-ruwa a bakin Tiga?

Abin takaicin shi ne muna da dokokin da suka buɗe wata hanyar, amma shekara 15 ɗin nan ta toshe ta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar dakatar da ɗauri ko ya sa mutum aikin yi wa al'umma hidima, sai dai ta ce ban da laifin da hukuncinsa ya wuce shekara uku. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashe guda na hukuncin da ba na tsarewa ba. Amma muddin mallakar ƙulli ɗaya tana ɗauke da shekara 15 a rubuce, mai shan ba zai shiga ta wannan ƙofa ba. Mun gina ɗaki mun kulle, mun jefa makullin a rijiya.

Kuma mu a nan kudancin Kano ba baƙi ba ne ga maganar gyara. Makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, wadda gwamnatin jiha ta kafa a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, a ƙasarmu take, an yi ta ne don irin waɗannan yaran. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Amma gadajensu nawa ne idan aka kwatanta da mutum miliyan ɗaya? Rashin wurin kai yaro shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, wuri suka rasa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a bar dila ba. Wanda ya mayar da lalata 'ya'yan mutane hanyar arziki, ya gina bene da hawayen iyaye mata, ba ni da ko ɗigon tausayinsa. A watan Satumbar 2022 hukumar NDLEA ta kama hodar iblis kimanin tan 1.8 a wani rumbu a Ikorodu. Irin wannan aikin muke so a yawaita, kuma a kan irin waɗannan mutanen ne ya kamata a cire zaɓin tara, a ƙwace dukiya, a yi ɗauri mai tsawo. Mu tuna kuma da kodin. Bayan rahoton binciken BBC a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi cikin kwana ɗaya. Rahoton ya nuna kwalaben daga kamfanoni masu lasisi suke fitowa ta bayan gida. Haka a watan Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani na Sabon Gari aka tura 'yan kasuwar sabuwar cibiyar Dangwauro don a iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. Irin wannan toshe mafari ya fi kama yara dubu amfani. Mai son ya tsayar da ruwa, bakin madatsa yake zuwa, ba ƙarshen gona ba.

Abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne ya tabbata za a kama shi kuma ba zai iya sayen hanyar fita ba. Dilan da ya san ko an kama shi zai fito, ko ka rubuta shekara ɗari bai dame shi ba. Yaron da ƙwaya ta riga ta kama kuwa, ba ya lissafin shekaru lokacin da jikinsa ke rawa.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da murya ɗaya, daga masu wakiltarmu a majalisa ta goma: Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, Honarabul Abdulmumin Jibrin Kofa na Kiru da Bebeji, da Honarabul Alhassan Ado Doguwa na Doguwa da Tudun Wada. Wannan ba maganar hula ko tuta ba ce, dokar tarayya ce, su ne masu ƙuri'a a kanta.

Na ɗaya, a cire shekara 15 daga kan mai sha da wanda aka samu da ɗan abin da bai wuce na shansa ba. A sauko da hukuncin ƙasa da shekara uku, don alƙali ya samu damar tura shi magani ko aikin al'umma ƙarƙashin sa ido.

Na biyu, a saka sikeli a dokar. A rubuta ƙarara nauyin da ya raba mai sha da ɗan kiri, da wanda ya raba ɗan kiri da babban dila, ga kowane nau'in ƙwaya.

Na uku, ga manyan kaya a cire zaɓin tara gaba ɗaya, a bi dukiyar. Amma ko a nan a bar wa alƙali ƙofa ɗaya: idan ya tabbata wanda ke gabansa ɗan aike ne, karonsa na farko, ba makami, zai iya sauka ƙasa, da sharaɗin ya rubuta dalilinsa a fili yadda gwamnati za ta iya ɗaukaka ƙara.

Na huɗu, wani kaso na dukiyar da aka ƙwace ya bi ta baitulmali, majalisa ta ware shi a kasafi don cibiyoyin magani. Kiru ta samu nata, a kuma buɗe ƙananan cibiyoyi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da ɓangaren mata daban, tunda ɗaya cikin huɗu mace ce kuma kunya ba ta barinta ta fito.

Na biyar ya shafi 'yan siyasa na kowace jam'iyya. Ba sirri ba ne cewa lokacin kamfen kasuwar ƙwaya ke ci a Arewa. Ɗan takarar da ya saya wa yara ƙwaya don su yi masa rakiya da sara-suka, sannan ya hau kujera ya ɗaga hannu a ɗaure su shekara 15, ya ci amanarsu sau biyu. Idan za a rubuta ɗaurin da ba sassauci, to a fara rubuta shi a kan wanda ya ba yaro ƙwaya don ya yi masa bangar siyasa.

'Yan uwa shugabannin matasa na mazaɓu, ku ɗauki wannan magana ku kai ta taronku na gaba. Iyayenmu mata, ku da kuka fi kowa sanin yaron da ya fara canzawa tun kafin unguwa ta sani, ku faɗa wa wakilanmu abin da kuke so: a ɗaure muku shi shekara goma sha biyar, ko a ba ku wurin da za ku kai shi ya warke? Idan ɗan majalisa ya zo gaisuwa ko ɗaurin aure, bayan an gama maganar taki da hanya, a tambaye shi matsayinsa kan sashe na 11 da na 19. Idan bai san su ba, a karanta masa.

Wanda bai yarda da ni ba, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa cikin mutunci mu tattauna. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba waɗanda suka faɗa wannan jarrabawa lafiya, Ya tona asirin masu cin abinci da lalacewar 'ya'yan mutane. Amin.